Muhawarar gidanmu: ƙwannafi da asma gado na ko a'a?

Goggo: Salamu alaikum 'yan gida. Maganar da nika yi kullum kuna musu ga ta nan ta sake hitowa, ƙwannafin ga da asma da borin jini dut abu guda na kuma cikin jininmu shike. Baba har ya bar duniya ba ya rabuwa da ruwan kanwa saboda ƙwannafi, ni ga asma, yanzu jikana ɗan shekara 4 fata dut ƙaiƙayi, daren jiya ƙirjinai na ta hito sai da anka kai shi asibiti anka sa mishi abin shaƙa.

Kawu: Allah shi ba shi lahiya. Amma Yaya ban yarda ba. Wa ka tsira da tari Sakkwato in hunturu ya shigo? ga ƙura ga hayaƙin icce. Ƙwannafi ko mutum ya ci tuwo da yaji da ɗanyar albasa ya bi da shayi ya kwanta nan take, mi kike so ya hwaru? Gida guda tukunya guda, dole ciwo ya zo iri guda.

Yaya Nas: Kawu ai wannan maganar tukunyar ita ta sa masu bincike sunka koma ga tagwaye, tunda su dut gida ɗaya suka tashi. In ɗaya na da ƙwannafi, an hi samun shi ga ɗan'uwan in masu kama ɗaya na, bisa ga waɗanda ba su kama. A Suwidin 2002 lissahi ya ba gado kashi 31 cikin 100, a Ingila 2003 kashi 43.

Kawu: To ɗiyata kin kama min. Ko rabi bai kai ba, sauran na wa?

Auta: Kawu a yi haƙuri in sa baki. Wajen asma da alaji Goggo ta hi gaskiya nesa, a 2017 an duba ƙwayoyin gadon mutum sama da 360,000 anka samu bambance-bambance 136 a wurare 99 da ke da hannu a asma da murar atishawa da ƙaiƙayin fata, kuma galibinsu tarayya cututtukan sunka yi a kai, shi ya sa yaro ka hwara da fata daga baya ƙirji ya biyo. Na ƙwannafi sabo na, a 2023 an ga wanda ya gaji saurin kamuwa da ƙwannafi haɗarin asma na ɗan ƙaruwa gare shi, haka in an juya. Ɗan ƙaruwa nic ce. Kuma galibin jinin da anka gwada na Turawa na.

Ɗan Kemis: Ni ina bayan Kawu da ƙahwa ɗaya. Ba sai an kai ga gado ba ƙwannafi da asma na iya tada juna. Akwai wani nama a bakin tumbi da ke rufe hanya, in ya saki tsamin ciki ya hau maƙoshi, ɗan kaɗan ya zurara hanyar iska ko ya taɓa jijiya sai ƙirji ya ɗaure. Shi ma mai asma yawan tari na matsa ciki, kuma aminofilin, maganin asmar da mutane ka saye, shina sassauta naman nan. Mai asma zai zo shago sayen inhela, kahin ya hita sai ya ce a haɗa mishi da na olsa, kullum ina gani.

Goggo: To tunda haka na ba sai a ba yaron omefirazol, maganin ƙwannafi, ƙirjin ya kwanta ba?

Yaya Nas: A'a Goggo don Allah kar a ba shi. An gwada wannan Amurka 2009, manya 412 masu asmar da ta ƙi lahwa amma ba su kukan ƙwannafi, rabi anka ba su esomefirazol, ɗan'uwan omefirazol, wata 6, asmar ba ta ragu ba. Mai ƙwannafi na gaske shi ka shan maganin ƙwannafi, kuma ba ya maye gurbin inhela. Abin na ci min rai in ga an aje inhela an kama maganin ciki, asma na kisa, mutum 455,000 ta kashe a 2019 bisa ƙiyasin Hukumar Lahiya ta Duniya.

Goggo: Abin da ad dame ni auren gidan da muka shirin haɗawa. Babu gwaji irin na sikila?

Auta: Babu Goggo. Sikila ƙwaya guda ta, AS da AS a san lissahi. Wanga ko ƙwayoyi na da yawa kowace da ɗan ƙaramin tasiri, gwajin jinotayif ba ya nuna shi.

Kawu: Ni dai ina nan kan bakata game da ƙwannafi, a rage yaji a bar kwanciya da ƙoshi a gani. Na asmar na ji.

Yaya Nas: Goggo in za a koma da shi gobe ki hwaɗa ma likita asmarki da ƙaiƙayin fatar nan dut, kuma a hidda shi daga ɗakin da aka kunna maganin sauro na hayaƙi. Ni zan biyo da yamma in nuna ma uwar yadda aka shaƙa ma yaro inhela.