Cutar shuɗin harshe: da gaske tana da yawa a garkunanmu?

Mai Turke:
Assalamu alaikum. Ana ta maganar cutar shuɗin harshe a Turai tun da ta sake ɓarkewa a Holan a watan Satumba na 2023. Wasu sun ce cutar can ce, wasu kuma sun ce tana nan cikin tumaki da shanunmu tun fil azal. Idan tana nan, me ya sa ba a ganin tumaki da harshe shuɗi? Masana a warware mana.

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Yawan dabbobin da ƙwayar cutar ta taɓa shiga jininsu daban, yawan waɗanda suka kwanta ciwo daban. A Afirka na farkon suna da yawa ƙwarai, na biyun kaɗan ne.

Asalinta ma a Afirka ta Kudu aka fara bayaninta, bayan an kai tumakin Merino masu gashi. Ba numfashi ko cuɗanya ke yaɗa ta ba. Wani ɗan ƙwaro ne mai suna Culicoides, tsawonsa milimita 1 zuwa 3, yake ɗaukar ta idan ya sha jini. A nahiyarmu babban mai laifin shi ne Culicoides imicola. Yana yin ƙwai a ƙasa mai laima da ta gauraya da kashin dabbobi, wato gefen komin ruwa, bakin fadama, da inda famfo ke yoyo. Da almuru da asuba yake fita cizo.

Shanu su ne rumbun cutar. Saniya kan riƙe ƙwayar a jininta har kusan kwana 60 tana kiwonta lafiya lau, ƙwaron ya sha daga gare ta ya kai wa tunkiya. Tumakinmu na gida, 'Yankasa da Uda da Balami, sun daɗe tare da ita, ɗan rago kuma yana samun kariya daga dakashin uwarsa, shi ya sa akasari sai ta wuce da ɗan zazzaɓi. Wanda ya sayo tumaki ko shanun madara daga ƙasar sanyi shi ya kamata ya shiga taitayinsa.

Shuɗin harshen kuwa suna ne kawai ya bi ta, ba kasafai ake ganinsa ba. Abin dubawa: zafin jiki ya kai digiri 41 ko 42, leɓɓa da fuska su kumbura, dalala, majina ta bushe a hanci, gyambo a dadashi, da jan zobe a inda fata ta haɗu da kofato. Tunkiyar takan tsaya a takure, ƙafafu huɗu duk suna mata zafi.

Hajiyar Gona:
Likita, ka bar abu ɗaya. Da yawa daga abin da za a kira shuɗin harshe PPR ne, wato annobar awaki da tumaki, ko boru. Idan awaki ne suka fi faɗuwa, ga zawo ga tari, a fara zargin PPR. Idan shanu ne ke dalala da ƙuraje masu ruwa a baki da tsakanin kofato, kuma ta bi garke cikin kwana biyu-uku, boru ne. Shuɗin harshe kan tsinci tumaki nan da can, ta fi fitowa a ƙarshen damina zuwa kaka.

Ɗan Ɗakin Gwaji:
Ga mai son sanin yawanta a yankinsa, ido ba zai ba shi amsa ba, sai jini. Gwajin ELISA yana nuna dabba ta taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko da bara ne. PCR ke nuna ƙwayar tana jikin yanzu ko ba da jimawa ba. Na farkon ana ɗibar jini a kwalba mai jan murfi a bar shi ya daskare. Na biyun kwalba mai murfi ruwan goda ake amfani da ita, a ajiye a sanyin digiri 4. Kada a sa ta a firiza. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, ita ce inda akan nufa ta hannun likitan jiha.

Lissafin adadi: idan ana son gane ko cutar na cikin babban garke da aka ɗauka kashi 10 cikin 100 sun kamu, dabba 30 sun isa. Idan kashi 5 ne, sai 60. Auna yawanta a ƙaramar hukuma kuwa yana buƙatar kimanin 384, daga garkuna daban-daban. Kurakurai biyu ke ɓata sakamako: ɗibar jinin 'yan ƙasa da wata shida, don kariyar uwa za a gani a ɗauka kamuwa ce, da kuma zuwa mayanka kawai, inda tsofaffin shanu suka fi yawa, adadin ya kumbura.

Abin sha'awa, ƙwayar nau'i-nau'i ce, kuma nau'i na 8 da ya girgiza Holan da Beljiyam da Jamus a 2006, da aka bincike shi an ga ya fi kusa da wanda aka samu a Nijeriya a 1982.

Mai Turke:
Allah ya saka da alheri. To rigakafi fa?

Likitan Dabbobi:
Nan gizo ke saƙar. Sanannun nau'o'inta 24 ne, an ma gano ƙari, kuma allurar wani ba ta kare wani yadda ya kamata. Ta Afirka ta Kudu kwalba uku ce, kowacce da nau'i biyar, ana yi da tazarar mako uku, kuma ba a yi wa tunkiya a farkon cikinta. Sai an san nau'in da ke yankin kafin a kashe kuɗi.

Wadda ta kamu a kai ta inuwa, don rana na tsananta kumburin. A ba ta ruwa da jiƙaƙƙiyar dusa da ɗanyar ciyawa mai laushi. Allurar maganin Oxytetracycline mai dogon aiki, mililita 1 ga kowane kilo 10, ciwon huhun da kan biyo baya yake tarewa, ba ya kashe ƙwayar. A canza allura tsakanin dabba da dabba, a gyara yoyon komi, a kwashe taki, a shigar da tumaki kafin magariba. Gidan sauro na yau da kullum ba ya hana ƙwaron, ta cikin ramukansa yake wucewa. Cutar ba ta kama mutum, ta nama ko ta nono.