PROPER ta ɓata mini sunaye, ku yaya kuka yi?

Mai rajista: Assalamu alaikum. An turo mini jerin sunayen ɗalibai a Excel, wani da manyan baƙaƙe zalla, wani da ƙanana, wani kuma hatsin bara. Na danna Shift+F3 kamar yadda na saba a Word, sai akwatin zaɓen fomula ya buɗe. Ashe Excel ba shi da maɓallin sauya baƙaƙe, sai dai fomulolin UPPER (manyan baƙaƙe) da LOWER (ƙanana) da PROPER (babban harafi a farkon kowace kalma). Na sa =PROPER(A2) na ja ƙasa, raina ya yi fari. Da na zo dubawa sai ga Mu'Azu, ga Sa'Adatu. Sunan mutum ba abin wasa ba ne, balle wanda zai hau takardar shaida. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Akanta: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma ta yi mini haka. Ita PROPER duk harafin da ya biyo bayan abin da ba harafi ba, sai ta mai da shi babba, kuma alhamza a wurinta ba harafi ba ce. Dabarar da na koma yi ita ce in ɓoye alhamzar tukuna: =SUBSTITUTE(PROPER(SUBSTITUTE(A2,"'","zzz")),"zzz","'"). Mu'azu zai fito daidai. Amma ka kula da kalmomin da aka taƙaita, domin PhD zai koma Phd, wannan kam sai gyaran hannu.

Hajiya sakatariya: Nawa kuskuren ya fi naku ciwo. Na gyara komai a layin B, sai na ga layin A ya gama amfani, na goge shi. Nan take allon ya cika da #REF! daga sama har ƙasa, ga shugabana tsaye a kaina yana jiran a buga. Hannuna na rawa na danna Ctrl+Z, Allah Ya taimake ni suka dawo. Don Allah Malam, kwafe layin fomular, ka liƙa shi ta Paste Special, ka zaɓi Values, sannan ka taɓa na asali.

Ɗan koyo: Hajiya, ni Flash Fill ce ta raba ni da wannan tsoron. Tun Excel na 2013 take. Sai in rubuta sunan farko yadda nake so a gidan da ke kusa, in danna Ctrl+E, ta cike sauran, kuma rubutu ne tsantsa ba fomula ba. Sai dai takan yi hasashen da bai dace ba idan sunayen ba su da tsari ɗaya, don haka ina bin su da ido.

Akanta: Ƙanena, kuma in ka sauya na asali ba ta bi, sai ka sake dannawa.

Yaya Babba: Ni a LibreOffice Calc, wata manhaja irin Excel, nake irin wannan aiki. Can ana zaɓar gidajen a shiga Format, a shiga Text, a sauya su a inda suke.

Mai rajista: Na gode ƙwarai. Na gwada ta Akanta, Sa'adatu ta dawo da sunanta. Saura masu tazara biyu a tsakiya, zan lulluɓe su da TRIM in gani.