Ɗan maƙwabcina ya ga hotunan da ke cikin ordinatar ɗina, ina mafita?

Baban Nana, Ali Dan Sofo:
Salamu alaikum ƴan uwa. Akwatin wifi guda gare mu, gida uku muke amfani da shi, kowa na kawo jika biyar ƙarshen wata. Ordinatar biyu gare ni, ta ɗaki da ta hannu, kuma wani yaro ya haɗa mini su yadda dosiye guda ke buɗewa a duka biyun: lissafin buhunan wake, sunayen masu bashi, hotunan iyali. Jiya bayan la'asar ɗan maƙwabcina, ɗan lise, ya ce mini, "Baba, hotunan sunan Nana sun yi kyau." Ni kuwa ban taɓa tura wa kowa su ba! Yaron kirki ne, shi ya sa ya faɗa. Wanda ya gani ya yi shiru fa? Ba na son yanke musu wifi, zaman tare ya fi jika biyar.

Mai gyaran waya, Sabon Gari:
Alhaji, yaron bai fasa komai ba, ƙofa ya tarar a buɗe. Wanda ya yi maka haɗin ya bar dosiyen a kan "Tout le monde", wato duk wanda ya hau wifinka yana gani, watakila ma yana iya gogewa. Ka cire wannan, ka sa sunanka kaɗai, sannan ka kunna "Partage protégé par mot de passe". Sauran aikin cikin akwatin yake. Adireshin shiga saitinsa na rubuce a gindinsa, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Idan yana da rezo na baƙi, buɗe shi ka bai wa maƙwabta: intanet za su samu, injinanka ba za su gani ba. Kuma don Allah a canza kod ɗin shiga akwatin, rabin waɗanda ake kawo mini har yau "admin" ne.

Maman Ibro, Zariya:
Yaya, ka ce gida uku? Ka ƙirga dai. Namu ranar da muka duba, waya goma sha tara muka tarar, har da mai shayin bakin titi. Yaran nan ba sa tambayar kod ɗin wifi, waya ke nuna shi da QR, aboki ya ɗauka. Yanzu ranar biyan kuɗi nake canza shi.

Baban Nana:
Na gode. Ta ɗakin Windows 7 ce, ya isa haka?

Mai gyaran waya:
A'a Alhaji. Tun Janairun 2020 Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro, kuma ta tsohuwar hanyar raba dosiye, SMB1, cutar WannaCry ta bi ta shiga injina a 2017. Kwashe lissafin bashin ka sa a kile USB tun yau. Injin kuma a kawo mini bayan Juma'a, in akwai wuta.