Muhawara: Wai a zamanin Gaddafi babu ɗan Libya da ya yi kuka?

Ɗan Sahara: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana. Afirka ba ta taɓa yin shugaba irin Gaddafi ba. Shekara 42 yana mulki, karatu kyauta, magani kyauta, babu wanda ya yi kuka. Turawa ne suka ga ya gagare su suka taimaka aka kashe shi.

Tsohon Malami: Ɗana, akwai gaskiya a maganarka, sai dai gishirin ya yi yawa. Makarantu da asibitocin gwamnati kyauta ne, ban musa ba. Amma mutanen ƙasar kusan miliyan 6 ne kacal, ga ɗanyen mai ganga miliyan 1.6 a kullum kafin 2011. Da irin wannan arziki, me ya sa duk mai ɗan hali yake ɗaukar marar lafiyarsa ya tsallaka Tunisiya?

Ɗan Sahara: Baba, a duba yadda ya sami ƙasar mana. Yana ɗan shekara 27 ya kifar da Sarki Idris ranar 1 ga Satumba 1969, sarkin yana Turkiyya neman magani. Shekara ba ta zagayo ba ya rufe sansanonin sojan Ingila da na Amurka. Ya matsa wa kamfanonin mai suka ƙara wa ƙasar kaso. A 1984 ya aza harsashin aikin janyo ruwa daga ƙarƙashin hamada ta bututu har Bengazi da Tarabulus. Wa ya yi irin wannan a cikin masu kakin da muka sani?

Hajiya Babba: Ƙanena, kai ka ce babu wanda ya yi kuka. To iyayen fursunonin Abu Salim fa? A watan Yunin 1996 aka bindige kimanin mutum 1,200 a gidan yarin nan, a ƙiyasin masu kare haƙƙin ɗan Adam. Shekara da shekaru uwaye suna kai abinci da tufafi bakin ƙofa, masu gadi suna karɓa, alhali 'ya'yan sun daɗe a ƙasa. Ni wannan kaɗai ya ishe ni. Kuma boren 2011 a Bengazi ya tashi, bayan kama lauyan waɗannan iyalai, Fathi Terbil. Lokacin jirgin NATO, ƙawancen sojan ƙasashen Yamma, ko ɗaya bai tashi ba.

Ɗan Sahara: Hajiya, ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Hajiya Babba: Bafaden ne ya haramta jam'iyyu a 1972? Ko shi ya sa ana rataye mutane ana nunawa a talabijin?

Baƙon Damagaram: Ku ba ni dama in sa baki. Mu a Nijar mun san shi ta fuska biyu. Ya zo Agadas ya yi Mauludi a 2007, jama'a ta yi cincirindo, kuma 'yan ci-ranin mu da yawa da kuɗin Libya suka yi gini suka yi aure. Amma jirgin fasinja na kamfanin UTA na Faransa da bam ya tarwatsa a sararin Tenere a Satumban 1989, mutum 170 suka mutu, kotun Faransa jami'ansa ta samu da laifi, har da surukinsa Abdullahi Sanusi. Ku tambayi 'yan Chadi kuma labarin yankinsu na Auzu da ya mamaye, wanda bai saki ba sai da kotun duniya ta yanke hukunci a 1994.

Ɗan Sahara: Duk na ji. To yau fa? Gwamnati biyu, 'yan bindiga a ko'ina, makaman rumbunsa sun watsu har Mali ta kama da wuta a 2012. Wane ɗan Libya ne ba zai so a koma jiya ba?

Tsohon Malami: Nan ne muka rabu da kai. NATO ta wuce gona da iri, an ba ta izinin kare farar hula ta ɓige da kifar da gwamnati, kuma kisan da aka yi masa a Sirte ranar 20 ga Oktoba 2011 wulaƙanci ne da addini bai yarda da shi ba. Amma ka tambayi kanka dalilin da ya sa ƙasa ta ruguje da mutuwar mutum ɗaya. Tun 1977 ya ce shi ba shugaba ba ne, wai jama'a ke mulkin kansu ta kwamitoci, alhali ko allura ba ta motsi sai da yardarsa. Babu zaɓe, babu tsayayyen kundin tsarin mulki. Sojan ƙasa ma da gangan ya raunana su don tsoron juyin mulki, ya damƙa rundunoni masu ƙarfi a hannun 'ya'yansa irin su Khamis. Wa ya bari da zai riƙe ƙasar?

Ɗan Sahara: Ai da an bar shi da ya shirya.

Baƙon Damagaram: Malam, shekara 42 ba ta isa shiri ba?

Ɗan Sahara: Ku dai faɗi son ranku. Mutumin da ya tara shugabanni a Sirte a 1999 aka haifi Tarayyar Afirka, ba zan zauna a zage shi a gabana ba.

Hajiya Babba: Babu wanda ya zage shi, ƙanena. Amma tunda haɗin kai ka kawo, shi ne dai a Maris ɗin 2010 ya ba da shawarar a raba Najeriya biyu, Musulmi daban Kirista daban, har gwamnati ta kira jakadanta gida daga Tarabulus.