Sabsidin manoman Amurka: tallafi ne ko diyya?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina da rahoton da zai shiga shirin noma na ƙarfe 4, ga shi 2 ta gota. Kan kuɗin da gwamnatin Amurka ta biya manoman wata kawunti a jihar Iowa ne a 2019, bayan China ta lafta wa waken suyarsu haraji. Kowace kawunti da nata lissafin, daga dala 15 zuwa 150 a kan eka ɗaya a faɗin Amurka. Na sa "tallafi" a madadin kalmar Turanci "subsidy", amma raina bai kwanta ba.

Hajiya Edita: Tallafi ne, ƙanena. Kawunti kuma gunduma. Yi gaba.

Mai Fassara: Yaya, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafi, duk wanda ya ji kalmar, fetur yake tunawa. Manominmu kuwa buhun taki mai rahusa zai hango. Can tsabar kuɗi ake zuba wa mutum a asusunsa, ba a rage masa farashin komai ba.

Ɗan Damagaram: To diyya kenan. Gwamnati ce ta tsokano faɗan, manomi ya tafka asara, ta biya shi.

Malamin Hausa: Diyya Larabci ce, kuma mai sauraro zai zaci mutum aka kashe. Na sha faɗa a nan, kalmar ita ce TOKARI. Ku dubi tsarinsu na kullum: dokar noma ta 2014 ta yanka wa masara dala 3.70 a kan awonsu na bushel, wajen kilo 25. In kasuwa ta faɗi ƙasa da haka, gwamnati ta cika. Katanga ta karkata an sa mata ice, me ake kiran icen?

Baba Manomi: Malam, ni dai ƙofar zaure nake wa tokari da dare. In na ji rediyo ta ce an raba wa manoma tokari, sanduna zan je karɓa.

Malamin Hausa: Haka kuke kashe harshe. Kowa sai aro, kamar ba mu gaji komai ba.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, "Malam" ɗin da ke gaban sunanka daga ina ta zo? "Gwamnati" da ka rubuta yanzu fa?

Malamin Hausa: Wanda ke cewa "lakwal" da "likita" a numfashi ɗaya ba zai koya mini Hausa ba.

Ɗan Damagaram: Mu muka ajiye muku ta gaskiyar, ku kuka cika ta da Ingilishi.

Hajiya Edita: Ku dakata mana, yaro na da aiki a gabansa.

Baba Manomi: Wani abin ma da ɗana ya ba ni labari, tun 1985 suna biyan manomi ya bar gona ta zama saura, shekara 10 zuwa 15, ciyawa ko itatuwa kawai. Wannan wane tokari ne? Babu abin da ya karkata. Haya ce gwamnati ke biya.

Malamin Hausa: Wannan daban. Ban ce tokari zai ɗauki komai ba.

Hajiya Edita: Shi ya sa tallafi ta fi, ita ke ɗaukar dukansu. A jimlar farko ka ce "tallafin kuɗi na rage asara", daga nan tallafi kawai.

Mai Fassara: Na ɗauka, Yaya. Saura kawunti. Gunduma a kunnen mutanenmu mazaɓar kansila ce ko ƙasar hakimi. Iowa na da 99, kowace da ofishin kula da manoma. Ƙaramar hukuma fa?

Ɗan Damagaram: A wajenmu gunduma ta yi daidai.

Mai Fassara: 3 da rabi ta yi. Na sa ƙaramar hukuma, na tura.

Malamin Hausa: Ku sa abin da kuka ga dama. Ni a ajina tokari zan ci gaba da cewa.