Shari'ar Kainji: wa ya ga abin da aka yi bayan an rufe ƙofa?

Ɗan Gwange: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Oktoban 2017 gwamnati ta fara shari'ar mutum fiye da 1,600 da ake zargi da Boko Haram a barikin soja na Wawa, kusa da Kainji. Aka rufe ƙofa, aka hana 'yan jarida shiga, daga baya aka ce mana an ɗaure 45, an sallami 468. Waɗannan 468 'yan uwanmu ne fa, wasu sun yi shekaru a tsare. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce a yi shari'a a bainar jama'a. Dimokuraɗiyyar ke nan?

Tsohon Soja: 'Yan uwanku? Yaro, janye wannan magana. Ni 'yan uwana su ne waɗanda aka binne a Baga da Bama.

Ɗan Gwange: Baba, Allah ya huci zuciyarka, waɗanda kotu ta sallama nake nufi.

Tsohon Soja: An sallame su don mai ba da shaidar yana kabari. Ai kotun da kanta ta ce a kai su gyaran hali kafin su koma gida.

Maman Biyu: Ni dai kada a haɗa ni zumunci da kowa. Wanda yake da ɗan'uwa a can shi ya sani.

Ustazu: Hajiya, ji tsoron Allah. Wanda ba a tabbatar masa da laifi ba ɗan'uwa ne a musulunci.

Maman Biyu: Malam, wa'azin a kai wa masu bam.

Lauyan Unguwa: Ku ɗan dakata. Shi wannan sashe na 36 ya yarda a keɓe jama'a idan akwai batun tsaro ko lafiyar masu shaida. Matsalar ita ce alƙalai huɗu ne kacal a kan ɗaruruwan mutane, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na Amnesty da Human Rights Watch sun ce yawancin hukuncin a kan amsa laifi aka gina shi. Da aka yi ta surutu, a Fabrairun 2018 an bar 'yan jarida sun shiga, a nan muka ji an yanke wa Haruna Yahaya shekara 15 kan sace 'yan matan Chibok. Ƙasa ta rushe don mun ji?

Tsohon Soja: Barista, kai ma 'yan uwanka ne ke nan?

Talaka Bawan Allah: Zamanin Buhari da ministansa na shari'a Malami aka yi, shi ya sa 'yan Arewa suka yi gum. Da Jonathan ne da an tada jijiyar wuya.

Sai Baba Har Gobe: Wa ya cika barikokin da mutane? Ba zamanin Jonathan ba ne? Baba Buhari ne ma ya kai su gaban alƙali.

Talaka Bawan Allah: To shari'ar Zakzaky a Kaduna fa, da aka riƙa tare 'yan jarida a waje, kuma a 2021 kotu ta sallame shi?

Sai Baba Har Gobe: Ashe can ka dosa. Fito fili mu san ka.

Talaka Bawan Allah: Ni ɗan Izala ne tun kafin a haife ka.

Ɗan Gwange: Don Allah tambayata a kan rufe kotu take.

Maman Biyu: Kai ka fara da 'yan uwa, sai ka ƙarasa.

Shugaban Zaure: Na rufe. A taƙaice, yawancin jama'a sun yarda tsaro shi ne gaba da komai, kuma Barista ya tabbatar doka ta ba gwamnati dama. Ɗan Gwange, ka nemi gafarar Baba Tsohon Soja. Wanda ya sake kawo maganar aƙida zan cire shi.

Lauyan Unguwa: Ranka ya daɗe, ba haka na ce ba.