Za mu je gidan marayu a Togo, an ce in riƙe yara: me ya kamata in shirya?

Ƴar Ader, Tahoua

Salama gare ku ƴan'uwa cikin Almasihu. Zumuntar matasan majami'armu ta shirya tafiya arewacin Togo, wajen Kara, a hutun watan Agusta. Wata ikilisiya ta can ce ta gayyace mu, tana da gidan marayu, za mu yi mako biyu. Maza za su yi fenti da gyaran kwanon rufi. Ni da yake ina koyar da ƙanana a lakwal, aka ce yara nawa ne. Na sayi alli mai launi, balan-balan da alewa, na haɗa waƙoƙin Lahadi. Amma yaran Kabiye suke ji, ni Hausa da Faransanci gare ni. Ga inna kuma tun da ta ji labari take cewa, "Marayun Tahoua sun ƙare ne?" Wanda ya taɓa irin wannan hidima ya taimake ni da shawara.

Goggo mai jinya, Yamai

Ɗiyata, Ubangiji ya albarkaci niyyarki. Harshe ba zai dame ki ba, manyan yaran suna jin Faransanci a lakwal, kuma a zango ba ki rasa mai Hausa.

Abin da nake so ki sani tun kafin ki tashi shi ne wannan. Ranar da kuka sauka, yara za su rugo su rungume ki, wani ya hau bayanki ya ƙi sauka. Za ki ji daɗi, ki ce ƙauna ce. Ki duba ɗan maƙwabciyarki mai shekara biyu: in ya ga baƙo, bayan zanen uwarsa yake ɓuya. Wannan shi ne yaro mai lafiya. Wanda ke manne wa duk wanda ya shigo ƙofa, ya rasa mutum guda da zai ce nasa ne. Ki goya shi mako biyu ki tafi, wata ƙungiya ta zo ta goya ta tafi, haka yake koyon cewa duk mai sonsa tafiya yake yi. Binciken da aka fara a Bukares ta Romaniya a 2000 ya nuna yaran da aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a gidajen marayu ci gaba.

Don haka ki nemi matan da ke kwana da yaran nan shekara da shekaru. Ki kama musu wanki da daka, su samu hannun ɗaukar jarirai da kansu. In malama ce ke, ki zauna da malamarsu ki nuna mata yadda kike koyar da ƙirga da hular kwalba, shi ne zai saura bayanki. Alewar kuma ki damƙa musu, su raba da hannunsu. Kada ki manta katin rigakafin shawara da gidan sauro, Agusta damina ce.

Ɗan Wadata, Yamai

Goggo, da girmamawa, kada a kashe wa yarinya jiki. Yaƙub 1:27 ya ce a kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, bai ce sai na garinku ba. Da masu bishara sun zauna gida, da babu asibitin Galmi da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, nan cikin jiharku ta Tahoua. Ƙanwata, je ki abinki, za ki dawo da sabuwar zuciya.

Goggo mai jinya, Yamai

Ɗana, ban ce kada ta je ba. Amma waɗanda suka kafa Galmi sun zauna ne, sun koyi Hausa, wasu gashinsu ya yi fari a nan. Kuma ka lura, ribar da ka ambata ta mai tafiya ce. Ni ta yaron nake tambaya.

Fasto mai ritaya, Tahoua

Ɗiyata, kafin ku biya kuɗin hanya, shugabanku ya tambayi masu gayyata: gidan yana da izinin hukumar Togo? Yaran nawa ne ke da uwa, kaka ko kawu a raye? Ƙungiyar Lumos, mai aiki kan yaran gidajen marayu, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci da kuɗin makaranta ne suka kai da yawansu can. Mu da muka san riƙo, mun san maraya ba ya rasa goggo, abin da goggon ke rasawa hatsi ne.

Kun tuna abin da ƙungiyar nan ta Faransa, Arche de Zoé, ta yi a Cadi a 2007? Yara 103 aka so a kwashe daga Abeshe zuwa Faransa da sunan marayun Darfur, aka gano yawancinsu suna da iyaye. A Disamba 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ƙuduri kan yaran da ba sa hannun iyayensu, ta nemi a fifita renon iyali. In gidan ya bar ku ku kwana ɗakin yara ba tare da ya binciki ko ku su wa ne ba, wannan ba karamci ba ne, sakaci ne, gobe wani mugu zai samu ƙofar a buɗe. Hotunan yara kuma kada su hau Facebook.

Innarki ma kada ki raina maganarta.

Ƴar Ader, Tahoua

Na gode Baba, na gode Goggo. Na tura wa shugabanmu tambayoyin, ya ce zai kira faston Kara bayan sujada. Zan roƙi a sa ni tare da malamarsu maimakon ɗakin jarirai. Goggo, hular kwalban in tara a nan ko zan samu a can? Kuma balan-balan ɗin fa, in bar su?